Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Mai Garma Ba Ya Waiwaye

Makon jiya na tsaya a inda na ɗaure kayana na bar makarantar Littafi Mai Tsarki, saura shekara ɗaya tal in gama. Ga duk wanda ya tambaye ni a lokacin, cewa nake yi kuɗin makaranta ne ya gagara, ga Baba kuma a kwance. Ba ƙarya na yi ba. Amma tsakanina da Allah, gajiya na yi. Sai in durƙusa in yi addu'a, in tashi kamar wanda ya ɗebi ruwa da kwando.

Da na shiga gida, Gwaggo na zaune bakin gadon Baba, ta ɗora tsohon Littafi Mai Tsarkinsa a cinya tana ɗinke bangon da zare da allura. Ko baƙi ɗaya ba ta iya karantawa, amma ba ta yarda kowa ya ajiye littafin nan a ƙasa. Ta dubi akwatina, ta dube ni, ta ciji zaren ta tsinke, sannan ta ce, "Ɗan nan, mai garma ba ya waiwaye." Ko sannu da zuwa ba ta yi mini ba. Luka 9:62 ke nan ta taƙaita, ni da na yi shekaru ina haddace ayoyi na rasa bakin amsawa.

Maganar Gwaggo ta yi zafi, amma ba ita ce ta karya ni ba. Ran Lahadi bayan sujada, a ƙofar majami'a, jama'a na gaisawa, wani dattijon ikilisiya ya kama hannuna ya ɗaga murya ya ce, "Ai dama na faɗa, kiran yaron nan kiran ciki ne." Aka yi dariya. Mutumin da bai taɓa sa ko sisi a karatuna ba! Na yafe masa, na sha faɗa wa Ubangiji na yafe, amma har yau in na ji an ce wa wani matashi haka sai jikina ya ɗau rawa. Shi ya sa a ikilisiyar da nake kiwo yanzu ba a yi wa wanda ya faɗi ba'a a gabana. Ko dattawa sun sani.

Shekara bakwai suka wuce. Na yi aure, an haifa mana 'ya'ya biyu, na yi sana'a iri iri. Babu abin faɗa a ciki, sai dai kullum a majami'a kujerar baya nake zama, in fita kafin a sa albarka.

Wani dare ƙaramar na fama da zazzaɓi, barci ya ƙi zuwa. Na jawo littafin Baba, ɗinkin Gwaggo na nan daram, na buɗe Ayyukan Manzanni. A sura 13 na ga Yahaya Markus ya rabu da su Bulus a Bamfiliya ya koma Urushalima. A sura 15 Barnaba ya so a sake ɗaukarsa, Bulus ya ƙi, gardama ta yi tsanani har suka rabu: Barnaba ya tafi Kubrus da Markus, Bulus ya ɗauki Sila. Na san labarin, har jarrabawa na taɓa rubutawa a kansa, amma ban taɓa ganin fuskata a ciki ba sai daren nan. Hannuna na rawa na nemi 2 Timoti 4:11. Bulus ɗin nan da ya ƙi shi, ga shi a kurkuku yana roƙon Timoti ya zo masa da Markus, don yana da amfani a gare shi wajen hidima. Na kifa kai a kan littafin na yi kuka, har mai ɗakina ta farka a firgice, ta zaci yarinyar ce.

Ita ce Barnabana, in faɗa muku. Ita ta ce, "Maigida, ka koma. Gida ka bar mini." Na koma ina da shekara 34, na zauna aji ɗaya da sa'o'in ƙannena. Kunya ta kama ni, sai in tuna Ibrahim ya bar Haran yana da shekara 75, bai rungumi Ishaku ba sai yana da 100.

Kafin in tafi na je sallama da Gwaggo, lokacin idonta ya riga ya tafi. Na ce, "Gwaggo, kin ce mai garma ba ya waiwaye, ga shi ni na waiwaya." Ta laluba ta kama kunnena kamar ina yaro, ta ce, "To garmar wa ya ɗauke? Tana nan inda ka yar da ita." Ba ta ga ranar da aka keɓe ni na zama fasto ba. Wannan na damuna fiye da yadda nake nunawa.

Dattijon nan kuwa ya gani, yana zaune a layin gaba. Bayan shekaru, da ciwo ya kwantar da shi, ni ya aika a kira in yi masa addu'a. Na tsaya a ƙofar ɗakinsa ƙafata ta ƙi shiga. Abin da ya faɗa mini ranar, sai mako mai zuwa in Ubangiji ya kai mu.