Sallar Layya a Daura, gidan surukai

Shekaranjiya muka dawo daga Daura, har yanzu motata warin rago take yi. Uwargida ce ta dage bana a gidansu za a yi Babbar Sallah, tunda yara sun shekara 3 ba su ga kakarsu ba. Na yarda, amma na ce ba za mu ɗauki saƙon kowa ba. Kafin mu bar layinmu a Kano maƙwabciya ta kawo turmin atamfa a kai wa ƙanwarta, Gwaggo ta aiko da rabin buhun garin rogo, wani dattijo kuma ya miƙo jarkar manja ta taga yana cewa Allah ya kiyaye hanya. Wa zai mayar wa mutum kayansa bayan ya yi masa addu'a?

Mun wuce Dambatta kaɗan sai wani jami'i ya tsare mu a shinge. Na yi masa sallama, ko kallona bai yi ba. Ya juya takardun mota gaba da baya, ya ga komai cif, sai ya koma kan manja, wai ina rasit. Rabin awa ya bar mu a rana, yara na kuka. Goron Sallah yake so, kowa ya sani, kuma da ya roƙa da sakin fuska wallahi da na ba shi. Amma a wulaƙanta mutum a gaban iyalinsa sannan a sa ran ya sa hannu a aljihu, wannan ban yarda da shi ba. Sai da babbansu ya leƙo ya ce a sake mu.

A Kazaure taya ta sace. Mai facin da muka samu tsoho ne, rumfarsa a gindin dalbejiya. Ya shimfiɗa wa uwargida tabarma, ya aika jikansa cikin gida, sai ga ƙwarya cike da fura da nono, da ludayi har huɗu. Da na zo biya ya karɓi kuɗin faci kawai, wanda bai kai abin da nake bayarwa a Kano ba. Na ce, "Baba, na furar fa?" Ya ce, "Haba ɗana, matafiyi ake sayar wa ruwan sha?" A unguwarmu da mai faci ya ga mota cike da iyali ana jajiberin Sallah, to ranar kuɗin cefanensa ya fito.

Washegarin isarmu Kawun uwargida ya ce kada in kuskura in sayi rago a cikin gari, mu tafi Mai'adua, can bakin iyakar Nijar. Ban taɓa ganin dabbobi haka wuri ɗaya ba: balami farare ƙal masu tsayi kamar maruƙa, da uda, rabin jiki baƙi ko ja, rabi fari. Ni da na ga wanda ya yi mini sai na fara murmushi, Kawu ya taka mini ƙafa. Ya buɗe bakin ragon ya duba haƙora, ya matsa gadon bayansa, ya yatsina fuska kamar an nuna masa mushe. Dillali ya ce dubu 300. Kawu ya taya dubu 150. "Albarka!" Muka juya muka yi taku goma, aka kira mu. Sau uku ana haka, har da tambayar lafiyar iyayen juna a tsakani, kafin a sallama a dubu 210, ga la'ada. Irin wannan rago a Kano ba na ma tambayar kuɗinsa. A but muka sako shi, ya yi abin da ya ga dama a kan tabarmar sallata.

Zaman ƙaramin gari kuma da nasa. Kafin mu sauke kaya duk unguwa ta san mijin wance ya iso, har da launin motarsa. Wuta sau biyu na gan ta cikin kwana biyar, waya kullum tana shagon mai caji, shi kuma in ka je karɓa sai a ce ya tafi gaisuwa. Jakin maƙwabci ba ya jiran asuba. 'Yan acaɓa, da muka manta da su a birnin Kano tun da aka hana su ɗaukar fasinja a 2013, nan suna nan, suna shiga lungu kamar an koro su.

Abinci kuwa, kowane gida sai ya aiko wa suruki. Ranar Sallah na ƙirga kwano 11 a ɗakin da aka sauke ni: waina da miyar taushe, tuwon shinkafa, dambu, soyayyen nama. In kwano ya koma yadda ya zo, an yi laifi, gobe za a ji maganar a wajen surukata. Sai na tara samarin gidan muka yi aikin gayya. Yara masu barka da Sallah ma ba a magana. Akwai wani ɗan ƙaramin yaro da ya zo sau uku, kowane zuwa da sabuwar hula. A na ukun na ce, "Kai, ba kai ne ɗazu ba?" Ya ce, "A'a Baba, yayana ne." Na ba shi, don ƙoƙarinsa ya isa a biya.

Kafin mu taho na kai yara rijiyar Kusugu, inda labari ya ce Bayajidda ya kashe macijin da ke hana mutanen Daura ɗibar ruwa sai ranar Juma'a. Rijiyar tana cikin gini yanzu, aka jawo mana ruwa da guga muka sha. Ƙaramar 'yata ta ƙi matsawa kusa, wai sai an tabbatar mata macijin bai bar 'ya'ya ba.

Dawowa ba wani labari. Surukata ta cika but da soye, gero da kaji biyu masu rai, ga saƙon mutum shida zuwa Kano. A Kazaure na tsaya na sauke wa Baba mai faci ledar nama. Shingen nan kuwa da muka iso, babu kowa a wajen.