Kejin da na gina wa tsuntsayena a tsakar gida

Ranar da na yanke shawarar yin babban keji, daga masallacin asuba na dawo na ji gidan shiru. Duk mai kiwon baji, wato ƙananan tsuntsayen nan dangin aku, ya san wannan shirun ba na lafiya ba ne, don su gari na fara wayewa suke dasa surutu ba ƙaƙƙautawa, har maƙwabta sun saba. Na haska fitilar waya sai ga gashi ko'ina, biyu a mace a ƙasan kejin, ɗayansu ma babu kai, sauran huɗun sun cure a kusurwa suna kyarma. Ɓera ne. Ya ɓarke katakon ta baya inda ya jingina da bango, wurin da ban taɓa leƙawa ba tunda na ajiye kejin, kuma da alama ya kwana biyu yana aikin, ni ina ta zuba musu gero ina jin daɗi ashe abincin da ke zubewa ƙasa shi ke gayyato min ɓarawo.

Wancan kejin irin na kasuwa ne, katako mara kauri da ragar kaji, faɗinsa bai wuce taku biyu ba. Yanzu in na tuna har kunya nake ji, tsuntsu shida a wannan ɗan akurkin. Baji fa asalinsa tsuntsun Ostareliya ne, can a daji garke-garke suke yawo suna bin ruwa da tsabar ciyawa, kuma na dajin kore ne da ruwan ɗorawa, duk shuɗin nan da farin da muke rububi a kasuwa masu kiwo ne suka fitar da su bayan an kai tsuntsun Ingila a 1840. Abin da aka halitta don ya keta sarari ni na zo na kulle shi inda ko fiffike ba zai buɗe sosai ba sai dai tsalle daga wannan sanda zuwa waccan.

Rigimar farko da maman yara aka yi ta, don wurin da na zaɓa nan igiyar shanyarta take. Ta ce "Baban yara, wai tsuntsaye ne za su kore ni daga tsakar gidana?" Sai da na yi alkawarin kafa mata sabbin ƙarafan shanya a ɗaya ɓangaren sannan aka sasanta, kuma sai da na fara yin nata kafin na taɓa nawa, wanda ya san zaman gida ya san dalili.

Ba haka kawai na nace wa wurin ba. A Kano hadari daga gabas yake tasowa da iska mai ƙarfi, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas take busowa, to kusurwar nan tana da katanga ta gabas da ta arewa, ka ga an tare min ɓangare biyu kyauta. Rana tana samunsu da hantsi zuwa azahar, da yamma kuma darbejiyar maƙwabcina ta yi musu inuwa. In da na bi son raina na kafa shi a tsakiyar fili don baƙi su gani, da watan Afrilu ya gasa min su.

Awon da na yi shi ne tsawo ƙafa 10, faɗi ƙafa 5, tsayi ƙafa 7. Mai waldan da na kai wa aikin ya so mu rage tsawon mu ƙara tsayi wai ya fi kyan gani, na ce masa a'a Oga, tsuntsu ba sama yake tashi kamar roka ba, miƙewa yake daga nan zuwa can, tsawon shi ne abin. Tsayin ƙafa 7 ɗin ma don kaina na yi, in shiga in yi shara ba tare da na sunkuya ba.

Katako kuwa na sallama shi gaba ɗaya. Ga gara, ga ɓera, ga su kansu bajin da bakinsu ba ya zama lafiya, komai suka samu sai sun ɓantare. Na shiga Ƙofar Ruwa na sayo fayif mai kusurwa huɗu na inci ɗaya, da shimfiɗaɗɗen ƙarfen nan da ake kira falat ba don danne raga, da kwano. Ba zan rubuta kuɗin ba don farashin da aka gaya min ranar Litinin ba shi na tarar ranar Alhamis ba, kowa ya je ya yi cinikinsa. Abin da zan ce kawai, ka duba kaurin fayif ɗin da hannunka, akwai wani mai shara-shara da ana ɗora masa wuta yake hujewa.

Raga ita ce inda na fi ɓata lokaci, kuma ita ce rabin aikin. Ragar kaji mai manyan idanu ba ta da amfani a nan, baji zai tura kai ya maƙale, ɗan ɓera ya ratsa, kyanwa ta zura hannu, ga ta da laushi. Wadda ake so ita ce mai ido murabba'i na rabin inci, wadda aka yi wa walda a kowace mahaɗa. Sai kuma wani abu da mutane da yawa ba sa kula da shi, sabuwar raga tana zuwa da farin sinadarin zink a jikinta mai hana tsatsa, baji kuma da baki yake hawa raga, in ya yi ta lasa yana ɓantarar ɓurɓushin zai iya zame masa guba. Na shimfiɗa ta a ƙasa na goge da buroshin ƙarfe, na wanke da ruwan khal, na ɗauraye, na bar ta a rana kwana biyu. Yarana suna ta dariya wai Baba yana yi wa waya wanka.

Wajen ɗaura ta ma sai da muka ja da mai walda. Shi so yake ya ɗiɗɗiga mata wuta kai tsaye a jikin fayif don ya gama da wuri, ya gwada a gefe ɗaya wayar ta ƙone ta bar ƙananan tsini masu kaifi, irin wanda zai yanke ƙafar tsuntsu. Ƙarshe dai ragar muka shimfiɗa ta waje, aka ɗora falat ba a kai aka ɗaure da kusoshi masu zare, duk bakin waya ya koma ƙarƙashin ƙarfe. Na bi da tafin hannuna lungu-lungu ina shafawa, inda ya karce ni na san zai karce su. Daga nan aka shafa jan fenti na hana tsatsa, aka bi da baƙi, har ragar ta waje na sa aka yi wa baƙi, don farar raga ƙyalli take ta hana ka ganin abin da ke ciki, baƙa kuwa kamar babu ita. Sati biyu na bar shi yana shan iska sai da warin fentin ya fita tas.

Ƙasan kuwa darasin ɓera ne ya tsara shi. Na kira birkila ya haƙa, ya jera bulo layi biyu zagaye, aka cike aka yi daɓen siminti mai kauri da ɗan gangare zuwa rariya, bakin rariyar ma na toshe shi da raga ninki biyu don ta nan gafiya take shigowa gidajenmu. Firam ɗin a kan bulon ya zauna, aka bi duk wata kafa da siminti, ko ɗan yatsa ba zai shiga ba. A kan daɓen nake zuba yashi mai laushi, duk sati in kwashe in zuba sabo.

Rufi na raba shi biyu. Kashi biyu cikin uku kwano, ragowar raga kawai don su sha hantsi, kuma in an yi yayyafi su yi wanka, suna son wannan ba kaɗan ba. Amma kwano a zafin Kano murhu ne, ranar da na shiga da azahar na ɗaga hannu kusa da shi na gane ba zai yiwu haka ba, sai na sa silin a ƙarƙashi na ɗora zana a sama. Da sanyi kuma tamfol nake saukewa ta gaba bayan magariba in ɗage da safe.

To ga wautar da na yi. Ƙofa ɗaya na sa, babba, mai buɗewa waje. Kwana uku da zuba su, na buɗe zan shiga da kwanon ruwa, wani shuɗin namiji da ɗana ya fi so ya wuce ta saman kafaɗata fiu, ya sauka kan darbejiya, muna kira muna kaɗa gero a kwano, ya ɗan dube mu ya ƙara gaba. Yaron nan ya yi kuka har ya ƙi cin tuwo. Washegari na koma wurin mai walda, aka ƙara ɗan zaure a gaban ƙofar, ƙafa 3 da ƙafa 3, ka shiga ka rufe ta farko sannan ka buɗe ta biyu. Na sa sakata ciki da waje, da kwaɗo saboda yaran maƙwabta. Da tun farko na yi haka da kuɗin bai kai wanda na kashe daga baya ba.

Kayan ciki ba su ci kuɗi ba. Rassan gwaiba da na darbejiya na sara, masu kauri daban-daban don ƙafarsu ta riƙa motsawa, na kafa su a ƙarshe da ƙarshe na bar tsakiya fili, in ka cika tsakiya da sanduna ka kashe amfanin tsawon. Kar ka sa kwanon abinci ko na ruwa a ƙarƙashin sanda, kashi zai cika shi kafin azahar. Gero da acca nake ba su, da ganyen zogale da salak da karas, da ɓawon ƙwai da aka dafa aka daka saboda matan masu yin ƙwai. Fiya kam ko kusa, guba ce gare su. Da daddare ina kwashe abincin da ya zube.

Akwatunan ƙwai su ma sun koya min hankali. Na sa guda uku wa mata uku, na ɗauka lissafi ya yi, ashe duk su ukun wanda ya fi tsayi suke so, faɗa har da jini, don macen baji ta fi namijin masifa nesa ba kusa ba. Sai na mayar da su guda shida duk a layi ɗaya, tsayi ɗaya, aka samu lafiya. Mace takan yi ƙwai huɗu zuwa shida, tana tsallake kwana ɗaya tsakani, ta kwanta a kai wajen kwana 18, 'ya'yan kuma sai sun yi kamar wata ɗaya suke leƙowa waje. In kana son gane mace da namiji dubi saman baki inda hanci yake, na namiji shuɗi, na mace ruwan ƙasa ko fari-fari.

Wani abokina ya kawo min lobad, wasu ƙananan tsuntsaye su ma dangin aku, guda biyu kyauta ya ce in zuba su ciki tunda akwai wuri, na ƙi, har ya ɗan ji haushi. Lobad ƙarami ne a ido amma bakinsa ya fi na baji ƙarfi, yana iya karya masa ƙafa. Suna nan a wani keji daban a zaure. Ko bajin ma in na sayo sabo sai ya yi wata guda shi kaɗai ina kallon kashinsa da numfashinsa kafin ya shiga cikin jama'a.

Yanzu su goma sha huɗu ne. Maman yara da ta yi rigimar igiya ita ce take jan kujera gaban kejin bayan la'asar tana tsince shinkafa, har ta san wacce ce mai faɗa a cikinsu. Ɓera ya dawo sau biyu, na ga kashinsa a kan bulo, ya zagaya ya tafi. Abin da ya rage min shi ne cinnaka, sun gano hanya ta jikin katanga suna hawa har akwatin ƙwai, na zuba toka ba ta yi ba, maganin feshi kuma ina tsoronsa kusa da 'ya'yan. Gobe Asabar zan cire akwatunan daga jikin bangon in rataye su da waya daga sama in shafa wa wayar man gires, mu ga ko za su iya tsallake wannan.