Tsarin ɗakin bauta na zamanin Fir'aunoni, daga ƙofa zuwa ƙurya

'Yan Garwa, Marwa da Njamena masu karatu a Alƙahira, in sun je Luksor, garin tsoffin ɗakunan bauta a kudancin Masar, yawanci hoton ginshiƙai kawai suke dawowa da shi. Alhali abin lura yana cikin tsarin ginin. Tsoffin Misirawa ba don taron jama'a suke gina haikali, wato ɗakin bauta, ba. Gida ne na abin bautarsu, talaka iyakarsa farfajiya, kamar yadda baƙo ke tsayawa a zauren Lamiɗo.

Ƙofar haikalin hasumiya biyu ce masu faɗin gindi, da giɓi a tsakani, siffar duwatsu biyun da suka ce rana na ɓullowa tsakaninsu. Ta haikalin garin Edfu da ke kudu da Luksor, wanda aka soma ginawa a shekara ta 237 kafin haihuwar Annabi Isa, ta kai mita 36.

Daga nan duk ɗakin da ka shiga, daɓe na ƙara tudu, rufi na ƙara saukowa, haske na raguwa, har ƙuryar da gunki yake, inda Fir'auna da manyan masu hidima kaɗai ke shiga. A aƙidarsu duniya ta faro ne daga wani tudu da ya ɓullo cikin ruwa, kuma ƙuryar ita ce tudun. Shi ya sa aka sassaƙa ginshiƙai kamar ciyayin fadama, aka shafa wa rufi shuɗi da taurari.

A babban zauren haikalin Karnak da ke Luksor ginshiƙai 134 ne. Guda 12 na tsakiya sun kai kusan mita 21, kawunansu buɗaɗɗen fure ne, domin su ne ke kusa da tagogin sama. Sauran 122 suna cikin inuwa, furensu a rufe. A ganina nan ne gwanintar take, magini ya sa dutse ya bi ɗabi'ar tsiro.

Raunin ginshiƙan tushe ne. Ƙananan duwatsu aka jera ƙarƙashin wannan nauyi, ga ruwan Nilu na tasowa ta ƙasa. Dutsen yashi yana tsotsar ruwan, in ya bushe gishiri ya daskare a cikinsa, gindin ginshiƙi ya riƙa marmashewa. A watan Oktoba na 1899 ginshiƙai 11 suka zube a zauren, ɗaya na ture ɗaya, sai da aka sake musu tushe kafin a tashe su.