Darasin Da Ɗaliban Tsaron Intanet Ke Son Tsallakewa

Yawancin masu neman shiga digirin tsaron intanet suna zuwa ne da hoton mai kutse a zukatansu, wato mutumin da ke zaune gaban baƙin allo yana fasa kwamfutocin jama'a cikin ƙiftawar ido. Da an fara karatu sai su tarar cewa zangon farko, har ma da na biyu, cike yake da darussan kula da hanyoyin sadarwar kwamfuta: yadda ake raba adireshi, yadda saƙo ke tashi daga wannan na'ura ya isa waccan, da yadda ake saita rauta da suwic, na'urorin da ke haɗa kwamfutoci suna isar da saƙonni tsakaninsu. Ni ma wannan karatu nake yi ta intanet, ba tare da zuwa aji ba, kuma a dandalin tattaunawar kwas ɗinmu ba ƙorafin da ya fi yawa kamar na masu tambayar yaushe za a gama da waɗannan darussa a shiga "ainihin tsaro". Ra'ayina shi ne, ainihin tsaron yana cikin darussan da suke son tsallakewa, kuma wanda ke karatu daga nesa ya fi kowa fuskantar haɗarin wuce su ba tare da ya iya su ba.

Bari in fara da abin da ake koyarwa. Darasin farko kusan ko'ina shi ne tsarin OSI mai hawa bakwai, wanda hukumar ISO ta fitar a 1984, tun daga waya da siginar da ke bi ta cikinta har zuwa manhajar da mutum ke gani a allo. Ɗalibai kan haddace sunayen hawa bakwai ɗin don jarrabawa su manta da su, alhali amfaninsu yana wajen neman matsala ne. Idan aka ce shafi ya ƙi buɗewa, wanda ya fahimci tsarin zai fara duba ko waya na haɗe, sannan ko na'urar ta samu adireshi, sannan ko tana iya kaiwa ga rauta, sannan ko sunan shafin na komawa lamba, daki-daki har ya kama inda gizo ke saƙa. Intanet ɗin da muke amfani da shi kuwa a kan TCP/IP yake tafiya, tsarin da Vint Cerf da Bob Kahn suka bayyana a 1974, kuma ARPANET, hanyar sadarwar Amurka da ta zama tushen intanet, ta koma kansa a ranar 1 ga Janairu 1983. An gina shi ne a zamanin da masu amfani da shi 'yan kaɗan ne kuma sun yarda da juna, shi ya sa tantance mai aiko da saƙo ba ya cikin tushensa. Rabin aikin tsaro a yau cike wannan giɓi ne.

Daga nan sai a shiga lissafin raba adireshi, kuma a nan ne da yawa ke karaya. Adireshin IPv4 yana da bit 32, abin da ke ba da adireshi wajen biliyan 4.3, kuma babbar ma'ajiyarsu ta IANA, hukumar da ke rarraba su, ta ƙare a Fabrairun 2011, dalilin da ya sa ake ta matsawa zuwa IPv6 mai bit 128. Abin da ake nema daga ɗalibi shi ne ya kalli rukunin adireshi irin 192.168.1.0/24 ya san cewa adireshi 256 ne a ciki, 254 daga cikinsu ake iya ba na'urori, kuma idan aka raba shi gida huɗu kowane gida zai zama /26 mai adireshi 64, wanda 62 ne masu amfani. Akwai shafuka masu yin wannan lissafi nan take, kuma ɗalibin da babu malami a kansa yana iya wuce duk aikin gida da su. Sai dai wanda bai iya wannan lissafi da ka ba, ba zai iya karanta dokokin katangar tsaro, wato tsarin da ke tace abin da zai shiga ko ya fita daga hanyar sadarwa, ya gane cewa wata doka ta buɗe wa na'urori dubu ƙofa a inda ake nufin goma ba. Haka abin yake game da lambobin ƙofofin sadarwa, irin su 22 ta SSH mai ba da damar sarrafa na'ura daga nesa a ɓoye, da 53 ta DNS mai mayar da sunan shafi lamba, da 443 ta HTTPS mai buɗe shafi a ɓoye, da 445 ta raba fayil a Windows, da 3389 ta shiga kwamfuta daga nesa. Haddar su ba ta da daɗi, amma su ne abin da mutum zai riƙa gani kullum a wurin aiki.

Hujjata mafi ƙarfi ita ce tarihin manyan hare-haren da ake kawo mana a matsayin misali. A ranar 12 ga Mayu 2017 manhajar garkuwa da bayanai ta WannaCry ta bazu zuwa ƙasashe kimanin 150, ta kuma durƙusar da asibitoci da dama na hukumar lafiya ta NHS a Birtaniya. Ta ƙofa ta 445 ta riƙa shiga, ta hanyar wata ɓaraka a tsohon tsarin SMB na raba fayil, kuma Microsoft ya riga ya fitar da facin wannan ɓaraka, wato gyaran da ke toshe ta, tun watan Maris, wata biyu kafin harin. A wannan shekara dai aka kwashe bayanan mutane kimanin miliyan 147 daga kamfanin Equifax na Amurka ta wata ɓaraka a manhajar gina shafukan intanet ta Apache Struts, wadda ita ma facinta ya fito a Maris. Masu kutsen sun shiga a watan Mayu, ba a kuma farga ba sai ƙarshen Yuli, saboda satifiket ɗin na'urar da ke sa ido kan zirga-zirgar bayanai ya daɗe da ƙarewa ba a sabunta ba. A ƙarshen 2013 an saci bayanan katunan kuɗi wajen miliyan 40 daga kantunan Target, kuma masu satar sun fara shiga ne da bayanan shiga na wani ɗan kwangila mai kula da na'urorin sanyaya ɗaki, daga nan suka lallaɓa har zuwa na'urorin karɓar kuɗi. A Mayun 2021 kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline ya tsayar da aiki na kwanaki, bayan an shiga ta wani tsohon asusun VPN, wato hanyar shiga kwamfutocin kamfani daga nesa, mai kalmar sirri kaɗai, ba tare da mataki na biyu na tantancewa ba.

Duk wanda ya dubi waɗannan da kyau zai ga cewa abin da ya gaza a kowanne aikin mai kula da hanyar sadarwa ne na yau da kullum: sanya faci a kan lokaci, rufe ƙofar da ba a buƙata, raba hanyar sadarwa gida-gida don kada ɗan kwangila ya kai ga ma'ajiyar kuɗi, rufe asusun da aka daina amfani da shi, da sabunta satifiket kafin ya ƙare. Har ma akwai ɓarnar da ba ta buƙatar maƙiyi. A ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɓace daga intanet na kimanin sa'o'i shida, saboda wani umarni da aka bayar lokacin gyara ya katse babbar hanyar da ke haɗa cibiyoyin kamfanin, sabobinsa na DNS, wato kwamfutocin da ke amsa masu neman shafukansa, kuma suka janye sanarwar hanyoyinsu ta BGP, tsarin da hanyoyin sadarwa ke sanar da juna inda suke, duniya ta rasa ta inda za ta same su. Ɗalibin da ya yi barci a darasin BGP da DNS ba zai ma fahimci bayanin da kamfanin ya fitar daga baya ba, balle ya hana irin haka faruwa a wurin aikinsa.

To, a nan ne karatun nesa ke da nasa rauni. Ɗalibin da ke zuwa aji yana da ɗakin gwaji, inda zai riƙe waya da hannunsa, ya soka ta a suwic, ya ga fitila ta kama ko ta ƙi kamawa, kuma akwai malamin da zai tsaya a bayansa ya ga inda ya kauce. Mai karatu ta intanet yana da bidiyon lacca, da littafi, da tambayoyin zaɓi ɗaya cikin huɗu, kuma ana iya cin waɗannan duka da maki mai kyau ba tare da an taɓa saita na'ura ko ɗaya ba. Kallon malami yana rubuta umarni a bidiyo yana sa mutum ya ji kamar ya iya, kamar dai mai kallon direba daga kujerar baya, sai ranar da aka miƙa masa sitiyari.

Maganin da na gani shi ne mutum ya gina ɗakin gwajinsa a cikin kwamfutarsa, kuma kayan aikin da ake buƙata yawancinsu kyauta ne. Packet Tracer na kamfanin Cisco yana ba da damar jera rauta da suwic a allo, a haɗa su, a saita su da umarni irin na na'urorin gaske, GNS3 kuma ya fi shi kusanci da zahiri. Da VirtualBox ana iya tayar da kwamfutoci da dama a cikin guda ɗaya: wata mai Linux a matsayin saba, wata mai pfSense a matsayin katangar tsaro, wata mai Kali Linux a matsayin mai kai hari, da wata irin Metasploitable wadda da gangan aka cika ta da ɓaraka don a koyi aiki a kanta. Abin da ya fi buɗe mini ido shi ne Wireshark, manhajar da Gerald Combs ya fara fitarwa a 1998, wadda ke nuna kowane ƙunshin bayani da ke wucewa. Littafi zai gaya maka cewa TCP yana fara hulɗa da matakai uku, SYN da SYN-ACK da ACK, amma ganin su suna jeruwa a allo ɗaya bayan ɗaya wani abu ne daban. Haka kuma, duk wanda ya taɓa ganin kalmar sirrinsa ta gwaji tana wucewa tsirara a Telnet, tsohon tsarin sarrafa na'ura daga nesa, ba sai an sake yi masa lacca kan dalilin amfani da SSH ba. Ina kuma ganin ya kamata a riƙa lalata ɗakin gwajin da gangan, a sauya adireshin rauta ko a toshe DNS, a bar shi kwana biyu har a manta abin da aka taɓa, sannan a dawo a nemo matsalar.

Akwai iyaka da ya wajaba a faɗa a fili, domin wanda ke karatu shi kaɗai ba shi da mai ja masa kunne. Nmap, wadda Gordon Lyon ya fitar a 1997, tana bincika ƙofofin kowace na'ura da aka nuna mata, kuma ba ta tambayar ko na'urar taka ce. Taɓa kwamfutar wani ba da izini ba laifi ne a dokokin ƙasashe da yawa. Amurka tana da irin wannan doka tun 1986, Birtaniya kuma tun 1990. Kyakkyawar niyya ba ta wanke mutum a gaban alƙali. Shi ya sa ƙwararrun masu gwajin kutse ba sa fara aiki sai da rubutaccen izini mai fayyace na'urorin da aka yarda su taɓa da lokacin da za su yi hakan, ɗalibi kuma yana da shafuka irin su TryHackMe da Hack The Box da aka tanada don gwaji.

Tambayar da ake yawan yi ita ce ko digirin ya fi satifiket ɗin ƙwarewa. A ganina kowanne da aikinsa. CCNA na Cisco da Network+ da Security+ na CompTIA suna nuna wa mai ɗaukar aiki cewa mutum ya san wani abu takamaimai, kuma ana samun su cikin watanni, sai dai sukan ƙare bayan shekara uku a sabunta. Digiri yana ɗaukar shekaru, amma yana kawo abin da satifiket ba ya kawowa, kamar lissafin da ke ƙarƙashin ɓoye bayanai, da rubuta manhaja, da dokoki, da tsarin auna haɗari. Wasu jami'o'in intanet, irin su Western Governors University da aka kafa a Amurka a 1997, sun saka jarrabawar satifiket a cikin digirin kansa, tsarin da nake ganin yana da ma'ana. Abin da ba a sassauci a kansa shi ne tabbatar da cewa hukumar da ke tantance jami'o'i a ƙasar da makarantar take ta amince da ita, kafin a biya ko sisi. Bayan haka sai a duba jerin darussan, a ga ko akwai aikin gwaji da ake dubawa a ba shi maki, ko kuwa tambayoyin zaɓi ne daga farko har ƙarshe.

Wani abin da ban ga ana ba shi muhimmancin da ya kamata ba shi ne rubutu. Jarrabawar OSCP, wadda ake girmamawa a fagen gwajin kutse, tana ba mutum kusan sa'o'i 24 yana aiki a kan na'urori, sannan dole ya miƙa rahoto, kuma rahoto mara kyau yana iya kayar da wanda ya fasa na'urorin. A wurin aiki ma haka ne, domin mai yanke hukuncin kashe kuɗi a kan gyara sau da yawa bai san ko mene ne SMB ba, kuma sai an bayyana masa haɗarin da harshen da yake ganewa. A wannan fanni karatun nesa yana da ɗan fifiko, tunda kusan duk hulɗa da malami da abokan karatu a rubuce take, kuma mai neman taimako a dandalin kwas yana koyon fayyace matsalarsa: abin da ya yi, abin da ya zata zai faru, da abin da ya faru.

Game da aiki bayan kammalawa, bai kamata a yaudari kai ba. CISSP, satifiket ɗin da ake yawan nema a manyan muƙamai, yana buƙatar shekara biyar ta gogewa a aiki, digiri kuma shekara ɗaya kawai yake ragewa daga ciki. Aikin farko na yawancin masu wannan digiri shi ne teburin taimakon ma'aikata, ko mataimakin mai kula da hanyar sadarwa, ko mai gadin allo a cibiyar sa ido kan tsaro, inda ake yin dare ana tace faɗakarwar da mafi yawanta ƙarya ce. A duk waɗannan wurare abin da za a fara miƙa wa sabon ma'aikaci shi ne adireshin IP da lambar ƙofa da kundin abin da na'ura ta rubuta, a ce ya faɗi ko akwai matsala.