Birgima a Terminus

Jiya a kasuwar Terminus ta Jos ɗiyata 'yar shekara 4 ta kwanta a ƙasa tana birgima don na hana ta alawa ta biyu. Wata baba mai tumatir har da cewa, "'Yata, ki zane ta mana." Ban taɓa ta ba, amma wallahi raina ya ɓaci.

Da daddare, tana barci cikin rigar sanyinta, majina ta bushe a hanci, sai na tuna karatunmu na makaranta. Ƙwaƙwalwar jariri ba ta wuce kashi 25 cikin 100 na girman ta babba ba, amma kafin shekara 6 ta kai wajen kashi 90. Sai dai girma daban, nuna daban. Ɓangaren da ke bayan goshi, mai riƙe da haƙuri da danne son rai, shi ne auta, sai an haura shekara 20 yake kammala. Ashe haƙurin da nake nema a wurinta ko ɗakinsa ba a gama ginawa ba.

A waɗannan shekarun jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke ta ƙulla mahaɗai. Wadda ake yawan bi ta yi ƙarfi, wadda aka bari a share ta. Wani farin kitse kuma yana lulluɓe jijiyoyin kamar robar wayar lantarki, saƙo ya riƙa saurin isa.

Da safe ta ce in sake mata Gizo da Ƙoƙi, karo na huɗu ke nan. Na kife wayata na yi mata. Alawa dai ɗaya ce har gobe.