Abin da jikin direba ke ji idan mota tana tafiya

Duk wanda ya koyi tuƙi da mota mai giyar hannu ya san cewa darasi mafi wuya ba ya cikin dokokin hanya da ake haddacewa kafin jarrabawar permi. Yana cikin ƙafar hagu, a daidai wurin da ake sassauta kuloci har ƙarar inji ta ɗan sauka, gaban motar ya motsa, mutum ya ji a kujerarsa cewa tayoyi sun karɓi aiki. Babu malamin da zai iya nuna wa ɗalibi wannan wuri da yatsa, domin ya bambanta daga mota zuwa mota, kuma ko a mota guda yakan sauya idan farantin kuloci ya fara cinyewa. Jiki ne ke gano shi, kuma idan ya gano ba ya mantawa. Daga nan ne direbobi da yawa suke ɗaukar zaton cewa jikin gogagge yana sanin duk abin da mota take ciki. Jiki yana sanin abubuwa masu yawa, babu shakka, amma akwai guda ɗaya da ba a halitta masa ma'auninsa ba, shi ne gudu.

Maganar takan yi wa mutane nauyi idan suka fara jin ta, amma hujjarta tana ƙarƙashin ƙafafunmu. Mu da muke zaune a Maraɗi, duniya tana juyawa da mu zuwa gabas da gudun da ya haura kilomita 1,600 a awa guda, kuma ba a taɓa ganin wanda ya rungumi ginshiƙin rumfa don kada ya faɗi ba. Tun a shekarar 1632 Galileo ya yi bayanin cewa mutumin da aka rufe a ɗakin jirgin ruwa marar taga ba shi da hanyar sanin ko jirgin yana tafiya ko yana tsaye, muddin tafiyar a miƙe take, ba ƙari ba ragi. A 1687 Newton ya mai da wannan ƙa'ida: abin da ke tafiya zai ci gaba da tafiyarsa, abin da ke tsaye zai ci gaba da tsayuwarsa, sai in wani ƙarfi ya taɓa shi. Saboda haka abin da muke ji a cikin mota sauyi ne kawai. Idan aka taka totur, kujera ce ke tura bayanmu. Idan aka taka birki, motar ce ta rage gudu alhali jiki yana so ya wuce, shi ya sa ɗamarar kujera take kama ƙirji. Idan aka sha kwana, motar ta karkata, jiki kuwa yana neman ya miƙe, sai kafaɗa ta haɗu da ƙofa.

Na'urar da ke kai wannan labari ga ƙwaƙwalwa tana can cikin kunne, bayan dodon kunne. A kowane ɓangare akwai ƙananan bututu uku masu lanƙwasa, cike da ruwa, waɗanda ke gane juyawar kai, da kuma ƴan jakunkuna biyu masu ɗauke da ƙananan tsakuwoyi a kan wasu siraran gasu, su kuma suna gane turi gaba ko baya, sama ko ƙasa. Aikinsu ya yi kama da na nono a ƙwaryar da aka ɗauko a ka: idan mai tallar ta tashi da sauri ko ta tsaya kwatsam sai ya yi tambal-tambal, idan kuwa tafiyarta ta daidaita sai ya kwanta lumui, ko da sauri take ko a hankali. Da zarar mota ta zauna a kan gudu ɗaya, kunnen ciki ya yi shiru ke nan, ko allurar maleji tana kan 40 ko tana kan 120.

To, daga ina direba yake samun abin da yake kira jin gudu? Yana harhaɗa shi ne daga ido, da ƙara, da girgiza. Ido yana lura da yadda itatuwa da turakun lantarki suke wucewa ta gefe, kunne yana sauraren inji da iska da kukan taya a kan kwalta, hannu da mazaunai suna karɓar rawar motar. Dukansu shaidu ne masu saurin gajiya. Wanda ya tashi daga Maraɗi ya nufi Damagaram a kan babbar hanya ta ɗaya, wadda ta taso tun daga Yamai, zai ji gudun kilomita 90 a matsayin gudu sosai a mintocin farko. Kafin ya wuce Cadawa jikinsa ya saba, casa'in ɗin ta zama tafiyar yau da kullum, kuma ƙafarsa takan ƙara nauyi a kan totur ba da saninsa ba. Haɗarin yana jiran sa a bakin gari. Idan ya iso Agye ko Gazawa ko Tasawa ya ɗaga ƙafa, sai ya ji kamar motar tana rarrafe, ya tabbata a ransa cewa ya sauko zuwa 40, alhali in ya dubi allura zai tarar tana kan 70, ga amalanken shanu, ga ƴan kabu-kabu, ga yara masu tallar ruwa suna tsallakawa. Lokacin rani ya fi muni, domin bayan an girbe gero an kwashe kara, fili yakan buɗe har iyakar gani, ido ya rasa abin da zai auna tafiya da shi.

Lissafin abin ba ya buƙatar digiri. Motar da ke kilomita 50 a awa tana cin kimanin mita 14 a kowace daƙiƙa, mai kilomita 100 kuwa tana cin kusan mita 28. Direba mai natsuwa yana buƙatar wajen daƙiƙa guda tsakanin ganin akuya da kai ƙafa kan birki, kuma a wannan tsakani motar ba ta rage komai ba. Bayan an taka birkin ma, nisan tsayawa ba ninki biyu yake yi ba idan gudu ya ninka, ninki huɗu yake yi. A busasshiyar kwalta da tayoyi masu kyau, abin da zai tsaya a mita 14 daga gudun 50 sai ya ci wajen mita 55 daga gudun 100. Babu wata gaɓa a jikin ɗan Adam da ke jin wannan ninki huɗu kafin buƙatarsa ta taso.

A nan ne nake da ra'ayin da abokaina masu sababbin motoci ba sa so. Tsohuwar Peugeot 504 ta ƙauye, da tagoginta masu karkarwa da ƙofar da ake ɗaurewa da igiya, ta fi sabuwar jif faɗa wa direbanta gaskiya game da gudu. Idan ta kai 80 kowa a ciki ya sani, har kajin da ke cikin but. Sabuwar mota an yi ta ne don ta ɓoye duk wannan: an toshe ƙara, an rufe gilasai saboda na'urar sanyi, shokozoba tana shanye ramuka, ga kujera a sama, kuma wanda ke zaune a sama yakan ga ƙasa tana wucewa a hankali fiye da wanda ke kusa da ita. Ba ina cewa tsohuwar ta fi aminci ba. Wajen birki da kariya idan an yi karo, sabuwar ta yi mata nisa. Abin da nake cewa shi ne, gwargwadon laushin mota gwargwadon wajibcin duban maleji, kuma abin takaici ne yadda motocin haya da yawa a tashoshinmu suke yawo da allurar da ta mutu shekara da shekaru, direba yana cewa ai shi da kunne yake aunawa.

Inda jiki ya cancanci a amince masa ɗari bisa ɗari shi ne wajen sanin riƙon da ke tsakanin taya da ƙasa. Duk nauyin mota da fasinjojinta yana kan wurare huɗu ne, kowanne faɗinsa kusan na tafin hannu, kuma duk wani umarni na direba, juyawa ne ko tsayawa, ta nan yake bi. Sitiyari yana da nauyin da hannu ya saba da shi, nauyin da ke nuna cewa tayoyin gaba suna cizon hanya. Ranar da wannan nauyi ya ɓace farat ɗaya, sitiyarin ya yi sakayau a hannu, to tayoyin sun daina riƙo. An fi gamuwa da haka a ruwan farko na damina, wajen watan Mayu ko Yuni, lokacin da ƙurar watanni da man da motoci suka zubar suke haɗuwa da yayyafi su zama santsi a kan kwalta, da kuma inda iska ta kwaso rairayi ta shimfiɗa a kan kwana. Hannu yana jin wannan kafin ido ya ga motar ta kauce, kuma abin da ya dace a lokacin shi ne a ɗaga ƙafa daga totur sannu a hankali, ba a danne birki da ƙarfi ko a fizgi sitiyari ba.

Mazaunai ma suna da nasu ilmi. Wanda ya taɓa tuƙa Hiace fanko, sannan ya tuƙa ta ranar kasuwa bayan yaran mota sun ɗaure buhunan wake da babur a bisa rufi, ya san cewa motoci biyu ne daban. Nauyin da ya hau sama yana sa ta jinkirin amsa sitiyari, sannan idan ta amsa sai ta kwanta gefe fiye da yadda aka nema, ta kuma yi lilo kafin ta daidaita. Wannan lilo gargaɗi ne, kuma a kwana ma ƙa'idar ninki huɗu tana aiki: ƙarfin da ke neman kifar da mota yana ninkuwa sau huɗu idan gudu ya ninka sau biyu. Haka kuma idan babbar mota mai ɗauke da albasar Galmi ta gifta, iskarta takan ture ƙaramar mota sannan ta jawo ta, abin da hannu biyu a kan sitiyari ke magancewa ba tare da wani tunani ba.

Hanyar burji mai gargada tana da nata yaudarar, wadda duk direban ƙauye ya sani. Idan ana tafiya a hankali, kowane tudu sai taya ta hau ta sauka, haƙora suna kaɗawa, kusoshi suna kwancewa. Idan aka ƙara wuta sai girgizar ta lafa, motar ta yi kamar tana shawagi. Daɗin na gaske ne, amma dalilinsa shi ne tayoyin suna tsalle daga kan tudu zuwa kan tudu, suna taɓa ƙasa kaɗan-kaɗan, ma'ana riƙon ya ragu a daidai lokacin da jiki ke cewa komai ya yi daidai. Wanda jaki ya fito masa a wannan hali zai taka birki ya ji motar tana tafiya abinta. Rairayi kuwa, irin wanda ake tararwa a wasu unguwannin bayan gari da hanyoyin da ke gangarawa gulbi, akasin haka yake: sitiyari yana nauyi, inji yana nishi, motar tana bin sawun wadda ta riga ta ko da direba bai so ba. A nan tsayawa ce matsala, shi ya sa ake shiga da giya ta biyu da totur madaidaici, kuma masu zuwa daji sukan rage iskar taya domin ta ƙara faɗi a ƙasa.

Akwai wani bambanci da na daɗe ina lura da shi tsakanin mai tuƙi da wanda ake tuƙawa. Da wuya a ga direba yana amai a motar da yake tuƙawa, alhali fasinjan da ke bayansa yana fama da jiri da tashin zuciya. Direba ya san zai taka birki kafin ya taka, ya san kwana kafin ya shige ta, don haka jikinsa ya riga ya shirya, har yakan karkatar da kansa zuwa cikin kwanar. Fasinja kuwa motsin yana zo masa ba sallama, kuma idan idonsa yana kan waya ko kan bayan kujera, ido yana cewa a zaune ake, kunnen ciki yana cewa ana tafiya, saɓanin nan ne ke tayar da zuciya. Wannan ya sa fasinja ya fi direba sanin ko tuƙi yana da laushi. Idan wata dattijuwa daga kujerar baya ta ce, "Ɗana, ka sassauta mana, hanjinmu ya kaɗa," bai kamata direba ya dubi allura ya ce, "Inna, ai ba gudu nake ba." Mai yiwuwa da gaskiyarsa, amma ba gudun take ƙorafi a kai ba, fizgar totur da dannar birki da yankan kwana take ji, waɗanda shi ba ya jin su saboda daga ƙafarsa da hannunsa suke fitowa. Mai saurin jiri kuma a ba shi kujerar gaba, ko tsakiyar bas inda lilo ya fi sauƙi, ya ajiye waya, ya sa ido can nesa a kan hanya, a kuma buɗe masa gilashi kaɗan ko da ana ƙurar hunturu.