Gidan ƙasa da na gina a Damagaram

Ranar da na ce da jar ƙasa zan gina gidana, yayana ya dube ni ya ce, "Kai da albashinka, gidan talakawa za ka gina?" Ban yi musu da shi ba. Shekara shida na yi a gidan haya na bulo da kwano, na san yadda ɗaki ke komawa tanda a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, wuta ta ɗauke, yara na juye-juye a tabarma sun kasa barci.

Abin da ya ƙarfafa mini gwiwa shi ne ginin Hikma na garin Dandaji a nan Nijar, wanda masu zanen gine-gine Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka tsara, aka kammala a 2018. Na je na gani da idona: masallaci da ɗakin karatu na zamani, da bulon ƙasa da aka matse da inji. Ina shiga na ji sanyi ya tare ni.

Na ɗauko wani dattijon magini daga unguwar Birni, muna ce masa Baba. Muka yi kaurin bango rabin mita. Gabas da yamma, inda rana ke duka, ba mu buɗe babbar taga ba, sai ƙananan kafofi can sama don iska mai zafi ta fice. Rufi kuwa azarar giginya muka jera, wadda gara ba ta cika ci ba, aka zuba ƙasa, sannan muka ɗaga kwano a samanta da tazara, iska na ratsawa tsakani, irin dabarar mai zanen gine-gine Francis Kéré a makarantar Gando ta Burkina Faso.

Bazarar farko na riƙa barin tagogi a buɗe da rana, gidan ya ƙi sanyi, hankalina ya tashi. Baba ya ce, "Ɗana, kai ne kake shigo da zafin. Rufe da hantsi, buɗe bayan isha'i." Ashe bango yana shanye zafi duk yini ne, sai dare ya sake shi, iskar dare ta kwashe.

Kuskuren da har yau nake jin zafinsa shi ne fulastar siminti da na dage aka yi a waje, don gidan ya yi kama da na mutane. Baba ya hana, na ƙi ji. Siminti ya hana ƙasa numfashi, danshi ya taru a bayansa. Damina ta biyu fulastar ta kumbura, ta riƙa ɓallewa falle-falle, ta tafi da naman bango. Muka kankare duka, muka tsawaita indararo, aka yi yaɓen makuba na ɓawon ɗorawa.

Kafin kowace damina sai an duba yaɓen. Bana ƙafa ta hana Baba hawa tsani, yana zaune a inuwar darbejiya yana nuna wa jikansa yadda ake kwaɓa makuba, ni kuma ina miƙa ruwa.